Ra'ayinmu: Ciwon shekara talatin ba ya jin gudunmawar rana ɗaya

A ranar 30 ga watan Mayun kowace shekara ake tunawa da masu fama da cutar zaizayar rigar jijiya a faɗin duniya, cutar da likitocinmu ke taƙaita sunanta da SEP a takardar asibiti, takwarorinsu na Najeriya kuma su rubuta MS. A Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa ranar kan zo ta wuce ba a san da ita ba. Ko gidajen da cutar ta shiga, galibi da kuɗin da take ci suka san ta kafin su san sunanta. Wannan kafa na ganin lokaci ya yi da za a yi maganar wannan kuɗi a fili, domin irin taimakon da muka saba yi wa marar lafiya ya dace ne da hatsarin mota ko haihuwa mai gardama. Ciwon da za a yi shekara talatin ana fama da shi yana bukatar wani tsari daban.

Kowace jijiya a ƙwaƙwalwa da lakar baya tana da riga mai lulluɓe ta, kamar robar da ke jikin wayar wuta. A wannan cuta, garkuwar jiki ce ke juyowa ta riƙa cin wannan riga, sai saƙon da ƙwaƙwalwa ke aikawa ya riƙa yin jinkiri ko ya katse a hanya. Wani ido ɗaya ne zai dushe masa, wata ƙafa ce za ta mutu mata, wani jiri da kasala mai tsanani, wani kuma riƙe fitsari ne zai gagare shi. Ba a ɗaukar ta daga wani, kuma har yau ba a samu maganin da ke raba mutum da ita baki ɗaya ba, sai dai masu rage mata ƙarfi da gudu. Likitan Faransa Jean-Martin Charcot ne ya fayyace ta a birnin Paris a 1868. Ƙididdigar da tarayyar ƙungiyoyin masu cutar ta duniya ta fitar a 2020 ta nuna mutum miliyan 2.8 ne ke ɗauke da ita, mata sun ninka maza sau biyu, kuma yawanci tana bayyana ne tsakanin shekara 20 zuwa 40. Wato tana kama mutum a daidai lokacin da ya fara nema, ya yi aure, iyaye suka fara jingina da shi.

An daɗe ana cewa cutar Turawa ce. Gaskiya ne ta fi yawa a Turai da Arewacin Amurka, amma ƙarancin alƙalumanta a ƙasashenmu yana da nasaba da ƙarancin masu gano ta. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2017 ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi, ƙwararre ɗaya a fannin ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne ke fuskantar kimanin mutum miliyan guda, alhali a ƙasashe masu arziki ana samun kusan 70 ga adadi iri ɗaya. Inda babu mai dubawa, cuta ba ta shiga rajista, amma tana shiga aljihu.

Wani zai ce, a jihar da zazzaɓin cizon sauro da tamowa ke kwantar da yara kowace damina, ina ruwanmu da cutar da ba kasafai ake gani ba? Amsar ita ce duk abin da za a faɗa a nan ya shafi mai sikila, mai farfaɗiya, mai ciwon suga, mai wankin ƙoda da wanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. Babu unguwar da ba ta da irinsu. Mun ɗauki wannan cuta ce domin ta tara duk nau'o'in ɗawainiyar wuri guda.

Kuɗin farko kan tafi ne tun kafin a san abin da ake jinya. A wajen mafi yawan masu ita, cutar kan taso ta yi makonni sannan ta lafa da kanta, mutum ya miƙe kamar bai taɓa kwanciya ba, bayan watanni ko shekaru ta dawo ta wata gaɓar. Wannan hali nata ya sa ta zama kasuwa ga masu cin kuɗin jama'a. Duk wanda ya ba da magani na ƙarshe kafin ta lafa, shi ake yaba wa, in ta dawo kuma a ce an sake jifa ne ko iskar ta canza gida, a sake sayar da akuya. Ba mu da ja da addu'a, ita ce abokiyar kowane majinyaci. Jayayyarmu da wanda zai karɓi kuɗin gona ya hana a je asibiti, har cutar ta yi ɓarnar da ba ta gyaruwa.

In an isa asibiti, tabbatar da cutar na bukatar likitan jijiyoyi da hoton ƙwaƙwalwa da laka na na'urar IRM, wadda a Najeriya ake ce wa MRI, wani lokaci har da ɗibar ruwan laka daga gadon baya. Ba kowane asibiti ke da waɗannan ba, shi ya sa iyalai da dama ke niƙar hanya zuwa Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600, ko su ƙetara ta Ɗan Isa da Jibiya zuwa Katsina da Kano. Kuɗin motar mutum biyu, masauki, abinci da kwanakin da aka bar sana'a sukan kai kuɗin hoton kansa. Duk da haka, wannan shi ne kuɗin da bai kamata a yi ƙyashinsa ba. Akwai wata cuta mai kama da ita ƙwarai da ake kira ciwon Devic, wadda ake yawan samu a tsakanin baƙar fata, kuma wasu magungunan cutar farko suna ƙara tsananta ta. Wanda ya tsallake bincike don ya rage kashe kuɗi, yana iya ɗaukar shekara yana sayen abin da ke cutar da ɗan'uwansa.

Sai maganar magani, inda alƙaluma ke tsinka zuciya. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2022 ya ƙiyasta cewa mai wannan cuta a can yana cin kimanin dalar Amurka 88,000 a shekara, kuma magani ne ke lashe kaso mafi tsoka na kuɗin jinyar. A kuɗinmu wannan ya kai wajen miliyan 50 na sefa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar tun farkon 2024 jika 42 ne a wata, wato sai ma'aikaci ya haɗa albashin kusan shekara 100 bai ci ko dala ba kafin ya biya na shekara guda. Amma wannan farashin Amurka ne, kuma ba shi kaɗai ne hanya ba. A watan Yulin 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka magungunan cutar guda uku cikin jerin muhimman magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada, karo na farko a tarihi: cladribine, glatiramer acetate da rituximab. Na ukun ya fi kusa da mu. Ana ba da shi ne ta ƙarin ruwa kusan sau ɗaya a wata shida, asibitoci sun riga sun san shi wajen jinyar wasu nau'o'in kansar jini, kuma kamfanoni da dama na yin irinsa a farashi mai rahusa. Yana bukatar firji, sannan dole a yi gwajin ciwon hanta nau'in B kafin a fara, abin da ba za a yi wasa da shi ba a yankin da ciwon hantar ya yi yawa kamar namu. Shi kuwa tashin cutar na lokaci-lokaci, ana kwantar da shi ne da wani tsohon magani mai sauƙin kuɗi da likita kan bayar na kwana uku zuwa biyar.

Abin da ya fi cin gida a hankali shi ne ƙananan kuɗin da ba sa cikin takardar likita. Zafi na tayar da alamomin cutar ga mafi yawan masu ita, kuma kowa ya san Maraɗi a watan Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke haura 40. Ga mai wannan cuta, fanka da ruwan sanyi da ɗan faifan sola na cikin jinya. Ga kuɗin adaidaita daga Tsibiri ko Jiratawa zuwa cikin gari duk ranar gashi da motsa gaɓoɓi. Ga sandar dogarawa, daga baya wataƙila keken guragu, gyaran makewayi da dokin ƙofa, maganin ciwon mara da ke yawan dawowa, katifar da za ta hana gyambon kwanciya. Sama da duka akwai kuɗin da ya daina shigowa: na majinyacin da ya rage fita kasuwa, da na mai jinyar, wadda kusan kullum mace ce, uwa ko ƙanwa ko ɗiyar da aka cire daga makaranta.

Yanzu mu dubi yadda muke taimako. Ana saka hoton marar lafiya a WhatsApp ko Facebook tare da lambar waya, 'yan'uwa a Abijan, Legas, Tamanraset da Tarabulus su turo ta Nita ko Amana ko Al Izza, a haɗa kuɗi masu kauri cikin mako guda. Wannan zumunci ne abin alfahari, ya ceci rayuka da yawa. Matsalar ita ce bayan wata uku kuɗin sun ƙare, cutar tana nan. Kira na biyu kan kawo rabin na farko, na uku kuma kunya ta hana a yi shi, ko a fara raɗe-raɗin ina aka kai na baya. Majinyaci ya fara magani ya yanke, kuma yankewar nan kan mayar da kuɗin da aka kashe asara.

Tsibiri ta fi kowa sanin wannan darasi. A wajajen 2000 zuwa 2001 ne duniya ta ji labarin ɗaruruwan yaran garin da ƙasusuwansu suka lanƙwashe, haƙoransu suka dafe, saboda ruwan rijiyar burtsatsen da ake sha tun tsakiyar shekarun 1980 yana ɗauke da sinadarin fuloraid fiye da ninki uku na abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi. 'Yan jarida sun zo, ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan'adam na ANDDH da FIDH sun fitar da rahoto a 2002. Daga baya hankalin duniya ya koma wani wuri. Yaran nan yau manya ne, kuma iyalansu ne suka ci gaba da ɗaukar nauyin, shekara bayan shekara, bayan an naɗe kyamarori.

Don haka shawararmu ta farko ga matasa da 'yan ci-rani ita ce a mayar da gudunmawa ta zama ta wata-wata. Misali, mutum biyar da kowa zai ɗauki alƙawarin jika 10 a wata sun haɗa jika 600 a shekara, kuma iyali sun san abin da zai shigo, za su iya tsara ranar asibiti a kansa. Wannan ya fi jika 600 ɗin da za su faɗo rana ɗaya, a ci rabinsu a biyan bashi da hidimar masu zuwa dubiya. Kada a ɗora nauyin a kan mutum guda, komai ƙarfin samunsa. Wanda ke Aljeriya yana iya wayar gari a Assamaka cikin dubban da ake korowa kowace shekara, wanda ke Najeriya kuma ya ga yadda faɗuwar naira tun 2023 ta zabtare abin da yake aikowa in an canza shi zuwa sefa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

A zaɓi mutum guda amintacce ya riƙe kuɗin, wani daban ya riƙe littafin, a riƙa ɗaukar hoton kowane rasit da takardar magani ana sakawa a zauren 'yan'uwa. Lissafi a fili shi ke hana zargi, zargi kuwa shi ke kashe taimako tun kafin aljihu ya gaji. A raba abin da ya shigo gida uku: na magani da ganin likita, na hidimar yau da kullum, da ajiyar ranar da cutar za ta taso ba shiri. Waɗanda suka ga yadda magunguna suka yi wuya bayan rufe iyakoki da yanke wutar Najeriya a Agustan 2023 sun san amfanin a ce akwai na wata ɗaya ko biyu a ajiye. A kuma tara duk hotuna da sakamakon gwaje-gwaje cikin jaka ɗaya, da kwafinsu a waya, domin sau da yawa ana sake biyan kuɗin gwajin da aka riga aka yi saboda takarda ta ɓata. Shi kansa majinyacin a saka shi cikin shawara. Ƙafarsa ce ta yi rauni, kuma mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo.

Ba sai mun aro wannan dabara daga waje ba. A jihar Maraɗi ne aka fara tsarin Mata Masu Dubara a 1991 da tallafin ƙungiyar CARE: zubi kaɗan-kaɗan kowane mako, akwati, lissafi a gaban kowa, da ɗan asusun taimako na ranar larura. Daga nan tsarin ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya. Abin kunya ne a ce iyayenmu mata da ba su shiga aji ba sun koya wa duniya tsara kuɗi, mu masu waya a hannu mun kasa tsara jinyar ɗan'uwa guda.

Akwai abubuwan da ya kamata su zama na ƙarshe a sayarwa: gona, keken ɗinki, babur, injin niƙa, wato duk abin da ke kawo kuɗi. Ga manomin rani a fadamar Jiratawa, fegin da aka jinginar don jinyar wata uku shi ne abincin shekara goma da aka bayar. Haka kuma kada a yi gaggawar zaunar da majinyaci. Da yawa daga masu cutar suna iya shekaru suna aiki in an sauƙaƙa musu: malami a ba shi aji a inuwa da darasin safe, ɗan kasuwa ya koma zaman shago, mai ilimi ta yi sana'a ta waya daga gida. Ma'aikacin da aka sallama don ya fara ɗingishi, an ƙara wa danginsa baki ne an rage musu hannu.

Tunda mata cutar ta fi kamawa, dole mu taɓo abin da ake rufewa. An saba in jinya ta yi tsawo a ce wa mace ta je gida ta samu sauƙi, daga nan aike ya ragu, wata rana takarda ta biyo baya. Nauyin ya koma kan tsoho da tsohuwar da su ma jinyar ake musu. Mai wannan cuta tana iya ɗaukar ciki ta haihu lafiya in ana tuntuɓar likita kan magungunan da take sha. Mijin da ya ci moriyar lafiyarta, mutunci da addini sun ɗora masa tsayawa a kan rashin lafiyarta, kuma abokansa na majalisa ne ya kamata su fara faɗa masa haka.

A yi hattara da hanyoyi biyu na zubar da kuɗi. Ta farko, magungunan tebur da na masu yawo a kan keke, musamman ƙwayoyin sa ƙiba da ke ba da sauƙi na ɗan lokaci, amma in an daɗe ana sha su jawo ciwon suga, hawan jini da raunin ƙashi. Ta biyu, masu talla a intanet da ke alƙawarin warkewa cikin wata guda da wani garin magani ko wani asibiti a ƙasar waje. Su 'yan ci-rani suke hari, don sun san tausayi da nisan gida na sa mutum saurin tura kuɗi. Kafin a biya ko dala, a nuna wa likitan da ke duba majinyacin.

Iyali kaɗai ba za su iya ba, don haka muna kira ga hukuma. A Nijar fiye da kashi 40 cikin 100 na kuɗin kiwon lafiya daga aljihun jama'a suke fita kai tsaye. Tsarin kyauta da aka kawo a 2005 da 2006 ya shafi tiyatar haihuwa da yara 'yan ƙasa da shekara biyar. Rage rabin kuɗin ayyukan asibitocin gwamnati da ya fara aiki a ranar 1 ga Satumban 2024 mataki ne da ya cancanci yabo, amma mai doguwar jinya a kantin magani kuɗinsa ke ƙarewa. Muna bukatar ofishin ministan kiwon lafiya ya tabbatar waɗannan magunguna uku, ko aƙalla rituximab, suna cikin jerin ƙasa kuma ana samunsu, hukumar ONPPC ta riƙa sayo su a dunƙule don farashi ya sauka. Muna bukatar babban asibitin Maraɗi ya zama wurin da za a gano cutar a kuma bi majinyaci ba sai ya je Yamai ba, tsangayar kiwon lafiya ta Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo kuma ta fara tattara rajistar masu cututtukan jijiyoyi a jihar, domin abin da ba a ƙirga ba ba ya shiga kasafi. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu bukata ta musamman tun 2008, kuma dokar ƙasa ta ware musu kashi 5 cikin 100 na guraben aiki a manyan ma'aikatu. A aiwatar da ita, a kuma shigar da waɗanda nakasarsu ba ta fito fili ba.

Alhazan Maraɗi sun yi suna wajen gina masallatai da rabon hatsi a watan azumi. Muna roƙonsu su ware wani kaso na zakka da sadaka ga asusun dindindin na masu doguwar jinya, mai kwamiti da lissafi, wanda zai riƙa biyan kantin magani kai tsaye. Wanda bashin jinya ya yi wa katutu yana cikin waɗanda zakka ta halatta gare su. Malamai su yi bayanin haka a mumbari, fadar Sarkin Gobir a Tsibiri da ta Sarkin Katsina a Maraɗi su sa albarka, ƙungiyoyin matasa su riƙe littafin.

Kai kuma mai karatu, in akwai irin wannan majinyaci a danginku, kada ka jira a sake saka hotonsa a waya. Kira gida a wannan makon, ka tambayi nawa jinyar ke ci a wata, ka nemo mutum huɗu, kowa ya faɗi abin da zai iya ba tare da ya takura ba, ku sa ranar zubi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri.